A Faɗa Wa Unguwa Nawa Ne Kafin A Tambaye Ta Me Take So

Tun ranar 11 ga Yulin 2024 da Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai-tsaye, muhawararmu ba ta wuce tambaya ɗaya ba: kuɗin su faɗa hannun gwamna ko hannun ciyaman? To mu ƙaddara gobe sun sauka a asusun ƙaramar hukuma, ko sisi ba a taɓa ba. Wa zai ce a fara da kwalbati kafin rufin firamare? Idan amsar ita ce ciyaman da mutum biyar a falonsa bayan isha'i, to nisan tafiya kawai aka rage wa kuɗin.

Za a ce ai ana kiran taron jin ra'ayin jama'a kafin a kai kasafi majalisa. Ana kira kam. Na je irinsa da sunan sakataren ƙungiyar unguwarmu, ɗauke da takarda mai sa hannun mai unguwa da liman. An ce ƙarfe goma, manyan baƙi suka iso azahar ta kawo jiki. Jawabin maraba da na godiya suka cinye rabin lokacin. Da aka zo kanmu, kowa minti biyu: wannan ya ce titi, wancan ya ce taransifoma, wata baiwar Allah daga can baya ta ce asibitinsu ba ungozoma da dare. Wani matashi yana ta karɓar takardu yana cusawa a jaka. Ba wanda ya gaya mana nawa ake da su, ba kuma wanda ya dawo ya ce ga abin da aka ɗauka, ga wanda aka ajiye, ga dalili.

Wannan ciwo ba namu ba ne mu kaɗai. Birnin Los Anjeles na Amurka ya sa majalisun unguwanni cikin kundin dokarsa a 1999, a lokacin da mutanen kwarin San Fanando ke barazanar ɓallewa saboda a ganinsu mahukuntan birni ba sa sauraronsu. Yau majalisun sun kai 99. Galibi da zaɓe ake shigarsu, kuma doka ta ba su damar miƙa wa magajin gari jerin abubuwan da suke so a fifita a kasafi kowace shekara. Sai dai shawara ce kurum, in an ga dama a ɗauka. Kuɗin da ake ba kowace majalisa ta sarrafa da kanta ya faro ne daga dala 50,000 a shekara, daga baya ma aka zaftare, a birnin da kasafinsa ya kai dala biliyan 13 a 2023. Ƙorafin da aka daɗe ana yi a kansu shi ne masu gidan kansu sun fi 'yan haya baki a ciki, alhali 'yan hayar su ne mafi yawa a birnin.

Ni abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne na birnin Foto Alegire, a kudancin Brazil. A 1989 Olívio Dutra na Jam'iyyar Ma'aikata ya hau kujerar magajin gari, ya kira mutanen unguwanni su faɗi buƙatunsu. Shekarar farko abin bai yi armashi ba, don albashi na cinye kusan duk abin da birnin ke samu. Mutane suka zuba buƙatu, ba a yi ba, suka ja jiki. A 1990 waɗanda suka halarci tarukan ba su kai 1,000 ba. Sai da aka gyara harajin gidaje da filaye, kuɗin ayyuka suka samu, sannan jama'a suka dawo, har ana ƙirga su da dubbai.

Ga yadda suka tsara a wancan lokacin. An raba birnin shiyya 16. Kowace shekara ana buɗe taron shiyya da magajin gari ko wakilinsa a tsaye yana ba da lissafin bara: ga abin da kuka zaɓa, ga inda aka tsaya. Daga nan a zaɓi wakilai gwargwadon yawan waɗanda suka zo, ma'ana unguwar da ta yi barci ta rage wa kanta murya. Kowace shiyya na tura mutum biyu majalisar kasafi na shekara guda, ba albashi. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ma'aunin rabo a rubuce yake, kowa ya san shi: yawan jama'ar shiyya, tsananin rashin da take ciki, da abin da ta sa a gaba. Shiyyar da ba ta da kwalta ko magudana ta fi samun maki a kan wadda ta wadata. A ƙarshe a buga kundin ayyukan shekara, kowane aiki da wurinsa da kuɗinsa, a raba. Talakawan gefen gari ba filin wasa suka zaɓa ba. Titi da ruwa da magudanar ƙazanta suka sa a gaba, kuma cikin shekara goma famfo ya shiga kusan kowane gida.

Muna yawan cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Gaskiya ne, amma bai san na maƙwabcinsa ba, kuma in ba a zaunar da su wuri ɗaya da adadin kuɗin a gabansu ba, kowa zai rantse nasa ya fi zuba. Mutumin da aka ce masa "me kake so?" zai lissafo goma. Wanda aka ce masa "miliyan kaza ne, ku da unguwanni shida", dole ya yi ciniki, ya haƙura da wani abu, ya kuma san me ya sa.

Na san abin da za a ce: 'yan jagaliya za su cika zauren, matan aure ba za su fito ba, kansila zai ga ana shiga gonarsa. Biyun farko suna da magani: a yi rajista da katin zaɓe na mazaɓar, a yi wa mata nasu zaman da hantsi a harabar Islamiyya, a haɗa ƙuri'un. Na kansila kuwa, ai shi ya kamata ya fi kowa murna, tunda yau shi ake tarewa a masallaci kan aikin da ba shi ya yanke ba. Kuma ba daga sifili za mu fara ba. Muna da masu unguwanni da dagatai, da kwamitocin mazaɓa masu kula da ƙananan asibitoci, da na makarantu. Abin da ba su da shi shi ne kaso sananne da za su yanke hukunci a kansa.

Amma kada a bar shi a kan alherin mai mulki. A Foto Alegire tsarin bai taɓa zama wajibi a kan magajin gari ba. Bayan Jam'iyyar Ma'aikata ta faɗi zaɓen 2004, ayyukan da jama'a suka zaɓa suka riƙa taruwa ba a yi ba, har a 2017 magajin gari Nelson Marchezan ya dakatar da tarukan, yana kafa hujja da rashin kuɗi. Don haka roƙona ga majalisun dokokin jihohinmu, waɗanda suke yi wa ƙananan hukumomi doka, su rubuta abu uku: kaso nawa ne na kuɗin ayyuka mazaɓu za su yanke da kansu, da wane ma'auni za a raba shi, da kuma cewa ba za a amince da sabon kasafin ciyaman ba sai ya manna lissafin na bara a bangon firamaren kowace mazaɓa, da Hausa, da sunan ɗan kwangila da abin da aka biya shi.