A Zaga Birni Da Ƙafa Kafin Damina

A farkon watan Satumba na 2024 ruwan sama mai ƙarfi ya rusa tsohon masallacin Birni a Damagaram, ginin ƙasa da yake tsaye tun tsakiyar ƙarni na 19. Labarin ya kai ko'ina cikin ƙasa, jama'a suka yi juyayi ƙwarai. To, amma kowane magini ya san ginin ƙasa ba ya faɗuwa ba sallama. Da fari yaɓe ne yake zubewa, indararo ya karye, bango ya tsage, gara ta shiga azara. Duk wannan ido yana ganinsa, in dai akwai mai bi ta wurin da ƙafa yana dubawa.

Saboda haka ya kamata hukumomi su ɗauki maganar zaga gari da ƙafa, tare da ɗan jagora, a kan aikin gina ƙasa. Mutane da yawa, har cikin ma'aikata, suna ganin wannan sha'anin Nasara ne masu yawon buɗe ido, waɗanda ke zuwa lokacin ɗari su ɗauki hoto su wuce. Shekaru ke nan baƙin nan sun ragu saboda matsalar tsaro, ƴan jagora da dama sun koma wata sana'a. Gidajen kuwa suna nan, kuma waɗanda suka fi cancanta a nuna musu su, su ne ƴan gari: ƴan lakwal, ɗaliban yaƙi da jahilci, da sabon ma'aikacin da aka turo daga Yamai, wanda zai yi shekara uku bai san komi ba sai hanyar biro da gidansa.

Wanda ya tashi daga ƙofar fadar Sarkin Damagaram da hantsi, kafin azahar ya karanta tarihin fiye da shekara 100 ba tare da ya buɗe littafi ba. A nan ɗan jagora zai faɗa masa labarin Sarki Tanimun, wanda ya yi mulki wajen shekara 30 har rasuwarsa a 1884, ya ƙarfafa ganuwa, ya sa maƙera suka ƙera masa igwa a cikin gari. Daga nan sai lungunan Birni, masu karkacewa tsakanin manyan duwatsu, inda mota ba ta shiga. Sai mai tafiya ƙasa ne zai tsaya gaban zaure ya ɗaga kai ya ga zanko, ya ga zanen da aka yi wa fuskar gida, ya shiga ya ga yadda bakan gizo yake ɗauke da rufi ba ƙarfe ba siminti. A cikin lungunan nan ne Bajamushe Hainrik Bart, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka a ƙarshen 1852. Abin da ya rage na ganuwa kaɗan ne, yaro zai wuce shi yana zaton tudu ne in ba a gaya masa ba.

Barikin da Faransawa suka gina bisa dutse wani darasi ne dabam. Sun sa masa sunan kaftin Kazamaju, wanda aka kashe a Damagaram a 1898, zamanin Sarki Amadu Kuren Daga. Shekara ta zagayo, 1899, aka yi yaƙin Tirmini, gari ya faɗa hannunsu. A 1906 suka tuɓe Sarki Amadu Ɗan Basa bisa zargin ƙulla tawaye, ba a maido da sarautar ba sai 1923. Daga 1911 Damagaram ce mazaunin mulkin ƙasar, har 1926 da aka kai shi Yamai, kuma ƙarancin ruwan sha yana cikin dalilan da aka bayar. Wanda ya tsaya a gindin dutsen ya ga yadda bariki yake kallon fada daga sama, ba ya bukatar dogon bayani kan mulkin mallaka. A Zongo, inda ayarin Abzinawa yake sauka da, sunan attajiri Malam Yaro kaɗai ya isa a buɗe zancen cinikin hamada har Tarabulus.

Sai dai jagoranci aiki ne da ake koyo. Akwai mai haddace labari biyu ya ƙara masa gishiri don baƙo ya ji daɗi, wannan ɓarna yake yi. Marigayi Andire Salifu ya wallafa tarihin Damagaram na ƙarni na 19 tun 1971, kuma jami'ar garin sunansa take ɗauke da shi. Ba abin wahala ba ne malamanta su zauna da dattawan fada su shirya ɗan littafi da Hausa, mai sauƙin karatu, wanda ɗan jagora zai riƙe. Kuma kada a fita zagaye ba magini a cikin ayarin. Malamin tarihi ya san shekarar da aka yi gini, magini shi ya san bangon da ba zai kai kaka ba. Haka nan a tuna gidajen nan akwai mutane a ciki, da matan aure. Ba a shiga sai da sallama da iznin mai gida, kuma in an karɓi kuɗin zagaye, a ware rabon yaɓe.

Agadas ta shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO a 2013. Birnin Damagaram yana cikin jerin masu jira tun 2006, kuma ba a rubuta gidan da ya riga ya zama kufai. Zamanin Samariya, a shekarun 1970 da 1980, ganga ɗaya ta isa ta fito da samarin unguwa aikin gayya. Abin da ake nema yanzu bai kai wannan nauyi ba: hukumar gari, da fada, da shugabannin makarantu su tsai da rana ɗaya a kowane wata daga kaka zuwa bazara, aji ɗaya ya fita da malaminsa, da ɗan jagora, da magini, da ma'aikaci ɗaya mai takarda da alƙalami. Duk bangon da aka ga ya tsage a rubuta unguwarsa da ƙofarsa, a miƙa takardar ga hukuma kafin watan Mayu ya ƙare.