Sitiyari Mai Tauri Ba Ƙarfi Yake Bukata Ba

Duk wanda ya je bakin teku a Legas ya ga baburan nan masu ƙafa huɗu da ake bayarwa haya. Na hau ɗaya, sai da kafaɗuna suka yi tsami wajen juya kansa. Da na yi ƙorafi, mai babur ya ce wai ni ne ba ni da ƙarfi.

Ni dai ban yarda ba. Yashi da ruwan gishiri ne ke shiga inda sandar sitiyari take juyawa, su cinye giris, tsatsa ta kama. Gyaran kuwa ba wuya. A fara duba iskar taya, domin in ta yi ƙasa kan yakan yi nauyi. Sannan a ɗaga gaban da jak, a kwance tayarod, a juya kan. In ya saki, matsalar tana wajen ƙafafu. In yana cijewa, a wanke mazaunin sandar, a sa sabon giris.

Nawa giris yake? Amma wasu masu haya sun gwammace su ɗora yara a kai haka nan, alhali yaro ba zai iya kaucewa ba in mutum ya ɓullo masa.