Kwana a Bakin Ruwa: Daga Ushafa Zuwa Bagauda

Ma'aikacin da ya yi ta fama da fayil a Abuja tun daga Litinin har Juma'a, idan ya so ya sami inda zai kwana biyu ba tare da jin ƙahon mota ba, sai ya rasa inda zai dosa. Otel kam ga su nan birjik, amma na manya ne, waɗanda kuɗin kwana guda a cikinsu kan lashe albashin ƙaramin akawu. Tafkin Jabi kuwa tuni gari ya kewaye shi.

In ya miƙa hanyar Bwari, zai iske madatsar ruwa ta Usuma kusa da Ushafa, garin maginan tukwane da Shugaba Clinton na Amurka ya ziyarta a shekarar 2000. Ruwa ne kwance tsakanin duwatsu, gwanin ban sha'awa. To, amma shi ne ruwan shan babban birnin ƙasa, hukuma na tsaronsa, kuma hakan daidai ne. Baƙo sai ya ba ido abinci ya juya kafin magariba.

Alhali abin da bawan Allah yake nema bai taka kara ya karya ba: ɗaki mai tsabta da gidan sauro, buta da tabarmar salla, da mai gadi wanda ya san kowa a ƙauyen. Da asuba ya buɗe taga ya ga hazo a kan ruwa, masunta suna janyo koma, kafin hantsi an gasa masa karfasa ko tarwaɗa. Kuɗin da ya kashe kuwa a nan zai tsaya, hannun masunci da mai fura da yaron da ya tuƙa shi a kwalekwale.

Irin wannan wuri an taɓa yin sa a ƙasar Hausa. Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Bako, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, ya gina madatsun ruwa domin noman rani, sa'an nan ya ga cewa bakin ruwa ma dukiya ne. Sai aka kafa otel a gefen tafkin Bagauda a ƙasar Bebeji, aka kuma kafa Rock Castle a kan dutse a Tiga, inda aka kammala madatsar a 1974. Mutanen wancan zamani suna tuna yadda ake tarurrukan ilmi a Bagauda, da yadda magidanci kan kwashi iyalinsa ranar hutu su tafi shan iska.

Daga baya al'amari ya juya. A daminar 1988 madatsar Bagauda ta ɓalle, aka yi asarar rayuka da gonaki. Rock Castle ya yi shekara da shekaru a yashe. Ciwon masaukin gwamnati dai sananne ne: famfo ya lalace sai an rubuta takarda, manya su sauka su tashi ba mai iya miƙa musu lissafi, manaja kuma albashinsa na tafiya ko baƙo ya zo ko bai zo ba. Ga kuma rashin tsaron hanya na 'yan shekarun nan, wanda ya sa mai iyali yake tunani sau biyu kafin ya kwana a wajen gari.

Bagauda dai ta tsira ta wata fuskar, domin harabar otel ɗin ta zama reshen Kano na Makarantar Horas da Lauyoyi ta Nijeriya, wadda hedkwatarta ta koma Bwari a 1997. Watau daga Bwari, maƙwabciyar Usuma, ake tura ɗalibai can. Su ne yanzu ke jin kukan kwaɗi da dare a bakin tafkin, da littafin shari'a a hannu, jarrabawa na jiransu.