A Kano, Asabar da Lahadi na Maza Ne

Duk wanda ya ce babu abin yi a Kano ranar Asabar da Lahadi, bai taɓa leƙa filin dambe na Ado Bayero Square da ke Sabon Gari bayan la'asar ba. Kalangu na tashi, ɗan dambe ya naɗe hannu da zare yana zagaya fili yana kirari, Kudawa a gefe guda, 'yan Arewa a ɗaya gefen, Guramada na jiran wanda zai tare su. Turmi ɗaya, turmi biyu, sai fili ya kaure da ihu, an yi kisa. Ranar da ƙungiyar ƙwallon Pillars ke wasa a gida kuwa, tun daga titin Ƙofar Mata za ka fara jin "Sai masu gida!" Wanda ba shi da kuɗin shiga filin Sani Abacha, ga gidan kallon ƙwallo a bakin layinsu. Bayan isha'i a koma teburin mai shayi, ko majalisa, inda ake naɗa gwamna a sauke shi kafin mai tsire ya kashe wuta.

To, a sake duba jerin nan a ƙirga mata nawa ne a ciki. Yara ƙanana fa?

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, rabin abin da muke ci a waɗannan wurare daga hannun mata ya fito. Gurasar da ake tsoma wa ruwa, a barbaɗa mata garin ƙuli-ƙuli da yaji, a zuba man gyaɗa, a yanka albasa da tumatir ta zama bandashe, mata ne a Jakara da maƙwabtanta suka tashi tun asuba suka manna ta a tanderu, zafi na dukan fuskarsu. Ta fito titi a kan faranti, mu muka zauna a benci muka ci da hira. Ita wadda ta gasa, hutunta na mako shi ne wanki da shirya yara Islamiyya.

Fita ɗaya ce al'ada ta bar wa mace ba tare da dogon bayani ba: biki. Da an ce "Maigida, akwai kamun 'yar Anti Asabar ɗin nan," magana ta ƙare, sai dai a yi cinikin kuɗin adaidaita sahu. Malamai sun yi wa'azi sun gaji a kan tsadar biki, mu magidanta kullum muna ƙorafin anko da kamu da wuni da dina, ga wasu sababbin bukukuwa da ake shigo da su waɗanda iyayenmu ba su san sunansu ba. Ni dai ra'ayina, muna jifan inuwa ne. Bikin ya kumbura ne saboda shi kaɗai aka ɗora wa kayan da ya kamata gari guda ya ɗauka. Nan ne wurin ganin dangi, nan ne wurin sa sabon ɗinki, nan ne wurin cin abincin da ba ke kika dafa ba, nan ne kuma wurin jin kiɗa. Matar da ta san Asabar mai zuwa akwai inda za ta je da 'ya'yanta da ɗan kuɗi kaɗan, ba za ta matsa sai an yi kwana biyar ana shagalin auren ƙanwarta ba.

Kiɗan ma ya koma can. A yau idan kana son ganin Ali Jita ko Nura M. Inuwa riƙe da makirfo ido da ido, hanya mafi sauƙi ita ce a gayyace ka dina, ko ka bi taron siyasa. Tsofaffin silimu irin su Plaza da Orion da Eldorado, inda a da ake sayen tikiti a shiga kallo, yawancinsu sun zama labari. Kiɗan ƙwarya da Barmani Choge ta riƙe har rasuwarta a 2013, yaran yanzu a waya kawai suke jin sa. Mai gurmi da mai kukuma suna nan da ransu, wurin da za su zauna a saurare su ne babu.

Kuma ba wuraren muka rasa ba. Gidan Makama yana nan daura da fadar Sarki, gini tun zamanin Muhammadu Rumfa wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, da zaurukansa da farfajiya. Gidan Ɗan Hausa yana Nasarawa, inda Hanns Vischer ya zauna lokacin da ya buɗe makarantar boko a 1909. Ga marinar Ƙofar Mata, inda yaro zai tsaya ya ga farin ƙyalle ya shiga ruwan baba ya fito kore, iska ta buge shi ya rikiɗe shuɗi a gabansa. Ga Dutsen Dala. Tambayi ɗan Kano yaushe rabonsa da Gidan Makama, sai ya ce tun suna firamare da aka kai su a motar makaranta. Mun mai da waɗannan wurare na baƙi da Turawa. Gidan Zoo na Audu Bako kuwa sai da Sallah ake tunawa da shi, ranar da cunkoso ba ya barin ka ga ko jimina.

Tun da aka buɗe Ado Bayero Mall a 2014 ake ganin iyalai suna zuwa da yamma, su zagaya, su ɗauki hoto, a saya wa yara askirim ɗaya su raba, a koma gida. Wasu na yi musu dariya. Ni ban ga abin dariya ba. Wuri ne mai haske da tsaro da banɗaki, inda ba wanda zai yi wa matar aure kallon me ya fito da ita. Abin da ake nema ke nan, kuma ba ya buƙatar gilashi da na'urar sanyaya ɗaki.

Na san abin da za a ce: tarbiyya, cakuɗuwar maza da mata. Damuwa ce ta gaskiya, ban raina ta ba. Amma garin nan ne ake fita ƙwai da kwarkwata kallon Hawan Daushe da Hawan Nasarawa. Garin nan ne ranar Takutaha, mako guda bayan Mauludi, Dala ke cika da mata da yara tun daga gindinsa har ƙololuwa. Mun iya fita da iyali cikin mutunci, sai dai mun taƙaita abin ga 'yan kwanaki a shekara. Kuma matashin da ba shi da fili a sarari da rana, ai ba gida yake zama ba, lungu yake nema da dare.

Abin da nake roƙon Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha da masu kula da Gidan Makama ba gagarumin biki ba ne mai kwamiti da manyan baƙi da jawabin awa biyu. Wuri ɗaya, kowace Asabar, daga bayan la'asar zuwa kiran magariba, ba fashi. A shimfiɗa tabarmi, ɓangaren iyali daban, na samari daban. A tanadi ruwa da wurin alwala da banɗaki mai tsabta. Wannan makon mai kalangu, mako mai zuwa marubuciya ta karanta labarinta, na gaba wata tsohuwa ta yi wa yara tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi. A bar masu gurasa da awara da ɗanwake da fura su kafa teburinsu da kansu, kuɗin ya shiga hannun mai tanderun kai tsaye. Kuɗin shiga kada ya wuce abin da magidanci mai 'ya'ya biyar zai biya ba tare da ya taɓa kuɗin cefanen Lahadi ba. Idan an ga an yi wata uku ba a karya alkawari ba, masu adaidaita sahu da kansu za su fara kiran fasinja da sunan wurin.