Kirari a Kan Kwali: Ra'ayi Game da Darasin Zana Kai a Makarantunmu

Gabatarwa

Daga cikin ayyukan da malaman zane kan ba ɗalibai a makarantun sakandare, akwai wanda ake ce wa yaro ya siffanta kansa da kansa, amma kada ya tsaya ga fensir ko fenti kaɗai. Ana so ya haɗa abubuwa iri-iri a kan kwali guda, kamar ƙyalle da zare da fata da yashi da takarda da tawada, har su tashi su zama siffarsa. A cikin wannan maƙala zan kira wannan aiki da sunan zanen haɗa-kaya.

Mutane da yawa, har da wasu malamai, suna ɗaukar wannan aiki a matsayin wasan yara, ko kuwa tara shara a cikin aji. Ni kuwa ra'ayina shi ne, yana cikin ayyuka mafiya amfani da za a iya ba ɗalibi, kuma ya fi kusa da al'adun Bahaushe fiye da yadda ake zato. Sai dai amfaninsa ya rataya ne a kan sharaɗi ɗaya, wato a daina auna shi da ma'aunin kama da fuska, a riƙa auna shi da abin da yaron ya iya faɗa game da kansa.

Asalin Aikin

Zana kai tsohon abu ne a ƙasashen Turai. A shekarar 1484 wani yaro Bajamushe mai suna Albrecht Durer, yana ɗan shekara 13, ya dubi madubi ya zana kansa, kuma wannan zane yana nan ajiye a birnin Biyana har yau. A Holan, Rembrandt ya zana kansa da fenti fiye da sau 40, tun yana saurayi har tsufa ya kama shi. A Meziko kuwa, Frida Kahlo ta duƙufa ga zana kanta bayan haɗarin mota da ya kwantar da ita a shekarar 1925, inda aka kafa mata madubi a saman gadonta.

Haɗa kaya kuma ya shiga zanen Turawa na zamani a shekarar 1912. A wannan shekara ne Fikaso, a Faransa, ya manna wani ƙyallen leda mai zanen saƙar kujera a jikin hotonsa, ya kewaye shi da igiya. Abokinsa Braque shi ma ya manna takardar ado ta bango, ya yi zane da gawayi a kanta. Tun daga nan aka yarda cewa abin da mutum ya tsinta yana iya zama kayan zane.

Mu ma a nan Nijeriya ba a bar mu a baya ba. A shekarar 1958 wasu ɗalibai a kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiyar masu zane. A cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Manufarsu ita ce a haɗa dabarun da aka koya daga Turawa da fasahar da aka gada a gida. Daga baya Jimoh Buraimoh na Osogbo ya shahara da yin hoto da duwatsun ado. El Anatsui, mutumin Gana wanda ya fara koyarwa a Jami'ar Nsukka a 1975, ya riƙa ɗinke marafen kwalabe da wayar tagulla har su zama kamar ƙaton mayafi. Njideka Akunyili Crosby, haifaffiyar Inugu a 1983, takan zana kanta da iyalinta, ta cika jikin hoton da hotunan mujallun Nijeriya da na danginta. Ashe ke nan abin da ake raina wa yaro a aji shi ne ya kai waɗannan mutane manyan gidajen ajiye zane na duniya.

Dangantakarsa da Kirari

Duk ɗalibin adabin baka ya san kirarin kai. Idan ɗan dambe ko maharbi ko ɗan tauri ya shiga fage zai yi wa kansa kirari, ba za ka ji ya ce shi dogo ne, baƙi, mai faɗin goshi ba, domin wannan kowa yana gani. Sai ka ji ya kira kansa giwa, ko gobara, ko dutse, ya ambaci ubangidansa da garinsu da wanda ya taɓa kayarwa. Wato yana tsinto abubuwa daga duniyar da ke kewaye da shi, yana jera su, har mai sauraro ya ga mutum tsaye a cikinsu. Zanen haɗa-kaya wannan aikin yake yi, sai dai shi da hannu ake yin sa, ido ne kuma yake karɓa.

Haka nan haɗa kaya daban-daban a abu guda ba baƙo ba ne a sana'o'inmu. Dubi babbar riga: masaƙi ya saƙa, marini ya rina, maɗinki ya ɗora mata aska biyu ko aska takwas, mabugi ya buga ta da shuni har ta yi walƙiya. Dubi kayan doki ranar hawan salla, yadda fata da ƙarfe da ulu suke haɗuwa. Dubi allon zayyana da ake yi wa mai saukar karatu, da adon da magina ke yi a fuskar gidaje a Kano da Zariya. Yaron da ya tashi yana ganin waɗannan ya riga ya san cewa kowane kaya da irin maganar da yake yi.

Bari mu ba da misali. A ɗauka ga wata yarinya wadda mahaifiyarta ke ɗinki, mahaifinta kuma manomi ne. Tana iya yin kallabinta da guntayen atamfar da suka zubo daga keken uwarta, ta yi bayan hoton da ɓawon gyaɗa da tsabar gero, ta zana idanu da tawadar allo, ta shafa lalle a inda hannuwa suke. Ko da fuskar ba ta yi kama da tata ba, duk wanda ya tsaya gaban kwalin nan ya san 'yar gidan wa ce, ya san me ta taso tana gani. Wannan ya fi a ce ta kwafo fuskarta daidai ba tare da ta gaya mana komai ba.

Inda Gizo Ke Saƙar

Matsalar tana wajen ba da maki. Sau da yawa malami kan ɗaga hoton, ya dubi yaro, ya dubi hoto, in sun yi kama ya ba shi maki mai yawa, in ba su yi ba ya rage. Da haka yara biyu ko uku da Allah ya ba hannun zane ne kullum za su yi ta cinye aji, sauran kuma su yanke ƙauna, su ɗauka cewa su ba su da rabo a fasaha. Masu iya magana sun ce kama da wane ba ta wane. Ballantana a yau da wayar hannu take ɗauko kamannin mutum cikin ƙiftawar ido, me ya sa za a ɓata mako biyu na yaro a kan abin da na'ura ta fi shi iyawa?

Shawarata ita ce malami ya yi wa kowane aiki tambaya uku. Ta farko, me ya sa ɗalibin ya zaɓi waɗannan kaya, kuma zai iya bayyana dalilinsa? Ta biyu, shin ya tsara su yadda ido zai san inda zai fara sauka da inda zai bi, ko kuwa ya jibge su ne kamar gamin gambiza? Ta uku, aikin ya yi ƙarko, ko kuwa ana ɗaga shi zai zube? Waɗannan tambayoyi suna auna tunani da tsari da ƙwarewar hannu, kuma kowane yaro yana iya ƙoƙartawa a kansu.

Ƙarkon nan ma ilmi ne da ya kamata a koyar. Ana fara shimfiɗa bayan hoto tukuna, a bar shi ya bushe, sannan a ɗora manyan sassa, a ƙare da ƙananan ado. Ƙaro ya isa manna takarda da ƙyalle mara nauyi. Sitacin rogo ma yana kamawa, sai dai yana jawo kyankyasai. Abu mai nauyi kamar maɓalli ko guntun ƙwarya ko fata, gara a huda kwalin da basilla a ɗinke shi. Kwali kuma yakan lanƙwashe in gefe ɗaya kawai ya jiƙe, maganin haka shi ne a manna masa takarda a bayansa, a danne shi da abu mai nauyi ya kwana.

Sukar da Ake Yi

Suka ta farko, wadda ta fi kowace nauyi a wajenmu, ita ce ta addini. Iyaye da dama ba sa son 'ya'yansu su zana surar mai rai, kuma suna da hadisan da suka dogara da su. Malaman Malikiyya sun bambanta hukuncin mutum-mutumi cikakke mai inuwa da na zanen da ke shimfiɗe, amma fatawa ta masu ita ce, ba ta malamin zane ba. Abin da ya shafe mu a nan shi ne, wannan aiki bai tilasta wa kowa zana fuska ba. Yaro yana iya siffanta kansa da hularsa da allonsa da taswirar unguwarsu da sunansa cikin ajami, kamar yadda mai kirari yake yi ba tare da ya ambaci hanci ko baki ba. Hasali ma, a cikin ayyukan zana kai, wannan ne kaɗai yake ba irin wannan yaro hanyar shiga a dama da shi. Malamin da ya nace sai an yi fuska, shi ne yake korar ɗalibansa da hannunsa.

Suka ta biyu ita ce tsada. Wannan takan zama gaskiya idan malami ya rubuta jerin kayan kanti ya ce kowa ya sayo. Amma kwali yana nan a bakin shaguna, guntayen ƙyalle suna wajen tela, guntayen fata suna wajen baduku, jar ƙasa da farar ƙasa da gawayi kuwa ba a sayen su da tsada. A nan ɗan talaka da ɗan attajiri suna iya tsayawa kafaɗa da kafaɗa, abin da ba ya yiwuwa idan fentin kanti aka ce a kawo.

Suka ta uku ita ce aikin yana iya tona asirin gida. Wannan kam abin kulawa ne. Akwai maraya, akwai wanda iyayensa suka rabu, akwai wanda rikici ya raba da garinsu, kuma yara ba su raga wa juna wajen tsokana. Saboda haka bai kamata a tilasta wa ɗalibi ya sa abin da ba ya so a gani ba, kuma kada a kafa aikinsa a bango sai da yardarsa. Haka kuma a gargaɗe su kada su yanka takarda mai ɗauke da aya ko sunan Allah, kada kuma wani ya je ya sa almakashi a zanen uwarsa na fita unguwa da sunan aikin makaranta.

Kira ga Sashenmu

Wani zai ce, ina ruwan ɗalibin Hausa da darasin zane? Amsa ita ce, da yawa daga cikinmu koyarwa za mu yi bayan mun gama, kuma ajin Hausa da ajin zane suna iya taimakon juna. Malamin Hausa ya koyar da kirari, ya sa kowane yaro ya tsara nasa na layi huɗu ko biyar. Malamin zane ya karɓa daga nan, ya sa yaron ya mai da shi abin gani. Sa'an nan ɗalibin ya tsaya gaban aji ya yi bayani da harshensa, yana kiran kowane kaya da sunansa na asali. Ta haka kalmomi irin su makuba da zarta da basilla da tsamiya, waɗanda yaran birni suka fara mantawa, za su sami dalilin komawa bakinsu. Bugu da ƙari, aikinmu ne mu zauna da malaman zane mu daidaita kalmomin wannan fanni cikin Hausa, domin wanda ba shi da sunan abu ba ya iya koyar da shi yadda ya kamata.

Kammalawa

A taƙaice, zanen haɗa-kaya yana sa yaro ya tambayi kansa wane ne shi, daga ina ya fito, me kuma yake so a sani game da shi, sa'an nan ya nemo amsar a cikin abubuwan da ke gidansu. Tambaya ce da jarrabawa ba ta cika yi masa ba, alhali kuwa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ina roƙon malamanmu da 'yan'uwana ɗalibai da za su fita aikin koyarwa su gwada wannan haɗin gwiwa a makarantun da aka tura su, su kuma rubuto mana abin da suka gani a fitowa ta gaba. Wanda kuma yake da ra'ayi saɓanin nawa, filin wannan mujalla a buɗe yake. Allah ya sa mu dace, amin.