Ra'ayinmu: Ashe Gani Ba Kullum Yake Korar Ji Ba

Hausawa sun ce gani ya kori ji. A kan wannan magana muka taso, har ta kai idan aka nuna wa ɗayanmu hoto sai ya ajiye gardama. A wannan fitowa muna so mu jawo hankalin 'yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata ga wani nau'in finafinan ban tsoro da aka gina kacokan a kan wannan yarda tamu da ido, watau waɗanda ake shiryawa kamar tsintar kaset aka yi bayan masu ɗaukar hoton sun halaka.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A 1980 wani mutumin Italiya, Ruggero Deodato, ya fitar da Cannibal Holocaust, labarin masu ɗaukar hoto da suka salwanta a dajin Amazon. Abin ya yi kama da gaske har hukumomin ƙasarsa suka zarge shi da kashe 'yan wasan, sai da ta tabbata suna nan da ransu. A 1999 kuma aka yi The Blair Witch Project a Amurka, aka baza a intanet cewa ɗalibai ukun da ke ciki sun ɓata a wani daji na jihar Maryland. Da kuɗi ƙalilan aka ɗauke shi, amma ya tara kusan dala miliyan 250.

Sa'an nan a 2012 fim ɗin V/H/S ya zo da salon tara gajerun labarai wuri guda. Wasu 'yan iska ne aka ɗauka haya su sato kaset daga wani gida, suka tarar da gawar tsoho gaban akwatunan talabijin da tulin kaset. Kowane kaset suka kunna labari ne dabam, biyar ke nan, kowanne da mai shirya shi. An ci gaba da jerin da V/H/S/2 a 2013, wanda ya ƙunshi labari daga Indunusiya, da V/H/S/94 a 2021, da wasunsu. Gajartar labarin ita ce ƙarfinsa, domin kafin mai kallo ya tambayi abin da zai sa mutumin da ke gudun mutuwa ya ci gaba da riƙe kyamara, kaset ɗin ya yanke.

Ba mu musun amfaninsa. Ya buɗe wa matasa marasa jari ƙofa: Adam Wingard, wanda ya shirya labarin gidan tsohon, shi ne daga baya ya yi Godzilla vs. Kong a 2021. Haka kuma ba mu rufe ido ga zubar da jini da tsiraicin da ke cikinsu, kuma ba mu ce kowa ya je ya kalla ba.

Darasin da muke nufi dabam ne. Rawar kyamara, da dusashewar hoto, da yankewar murya, duk abubuwan da ke sa mu ce wannan kam ba shiri ba ne, sana'a ce da ake koya, kuma mai araha ce. Mai kallon V/H/S ya san wasa ne. Wanda aka turo wa bidiyo a waya cikin dare, aka ce ga abin da ya faru a gari kaza, ba shi da wannan kariya. Gobe mu ne za mu zauna a ofisoshi, da kotuna, da gidajen jaridu, inda kuskuren gaskata hoto ɗaya kan jawo asarar mutunci ko ta rai.

Saboda haka kafin mu tura wa wani, mu tambaya: wa ya ɗauka, yaushe, a ina, kuma wa zai ci riba idan muka yarda? In babu amsa, to, a bar kaza cikin gashinta.