Beatles Suka Yi Waƙar, Wasu Suka Mallake Ta

Idan aka ambaci Liverpool a majalisar samari, ƙwallo kowa ke tunawa. To amma tun kafin a haifi yawancinmu, garin nan na Ingila ya riga ya yi suna saboda wasu samari huɗu masu jita da ganga: John Lennon, Paul McCartney, George Harrison da Ringo Starr, wato The Beatles. Abin da ya sa muka ɗauko labarinsu yau shi ne wata takarda da biyu daga cikinsu suka sa wa hannu a 1963. Takardar nan ta shafi duk yaro ko yarinyar da ke ɗora waƙa a TikTok yana jiran ranar da za ta fashe.

Bari mu fara da wahalar, don ita ba a cika faɗa ba. Lennon da McCartney sun haɗu ne a 1957 suna 'yan makaranta. A 1960 tawagar ta tafi Hamburg ta ƙasar Jamus, inda suke kwana suna kiɗa a gidajen rawa, awa bayan awa, su kwanta a wani ɗan ɗaki a bayan gidan silima. Har korar Harrison aka yi daga ƙasar saboda shekarunsa 17, bai isa aikin dare ba. Ranar 1 ga Janairun 1962 suka je gwaji kamfanin Decca a Landan, kamfanin ya ce bai yi da su. Daga baya George Martin na kamfanin EMI ya ɗauke su, a kan kwabo ɗaya na kuɗin Ingila a kowane ƙaramin faifai da aka sayar. Kwabo ɗaya fa, su huɗu!

Daga nan sai abin ya zama kamar wutar daji. A Fabrairun 1964 kimanin mutum miliyan 73 suka kalle su a shirin talabijin na Ed Sullivan a Amurka. A Afrilun wannan shekarar waƙoƙinsu ne suka riƙe matsayi na ɗaya har zuwa na biyar a jerin Billboard. A 1965 sun tara mutum sama da 55,000 a filin wasa na Shea da ke New York, ihun 'yan kallo ya hana su jin abin da suke kaɗawa. Shekara ɗaya bayan nan suka daina yawon wasa gaba ɗaya, suka tare a ɗakin ɗaukar sauti, suka shiga gwaje-gwajen da har yau masu haɗa kiɗa ke koyi da su, kamar juya sauti baya da shigo da kayan kiɗan Indiya. Su ne suka sa ya zama abin yayi tawaga ta rubuta waƙarta da kanta maimakon jiran a rubuta mata. A 1970 suka watse.

Yanzu ga maganar takarda. A farkon 1963, lokacin Lennon na da shekara 22, McCartney na da 20, wani mai harkar buga waƙoƙi, Dick James, ya kafa kamfani mai suna Northern Songs domin riƙe haƙƙin mallakar waƙoƙin da su biyun ke rubutawa. Shi da abokin kasuwancinsa suka ɗauki kusan rabi, marubutan waƙar da manajansu Brian Epstein suka raba sauran. McCartney ya sha faɗa a hirarraki cewa a lokacin ba su fahimci abin da suke sa wa hannu ba. Yara ne, murna suke wani babba ya kula su.

A 1965 aka sa kamfanin a kasuwar hannun jari ta Landan. Epstein ya rasu a 1967. A 1969 Dick James ya sayar da kasonsa ga kamfanin ATV ba tare da ya fara tuntuɓar su ba. Suka yi ƙoƙarin ƙwato kamfanin, abin ya gagara. Shi ke nan, "Yesterday" da "Hey Jude" suka koma dukiyar wasu. Ana ci gaba da biyan su kasonsu na marubuta, wannan gaskiya ne, kada wani ya ɗauka talauci suka yi. Sai dai iko ya fita daga hannunsu: wa zai sa waƙar a talla, nawa za a biya, duk wasu ke yankewa.

Abin dariya da takaici shi ne, McCartney da bakinsa ya nuna wa Michael Jackson irin kuɗin da ke cikin mallakar waƙoƙi lokacin da suke aiki tare. Ɗalibi kuwa ya haddace darasi. A 1985 Jackson ya sayi ATV Music a kan dala miliyan 47.5, da waƙoƙin Beatles a ciki. A 2016 kamfanin Sony ya biya magadan Jackson dala miliyan 750 domin rabin da suke da shi a kamfanin haɗin gwiwar da aka kafa daga baya.

Mu a wurinmu, wanda ya fi cancantar a yi koyi da shi a labarin nan shi ne Harrison, wanda ake wa kallon shiru-shiru. Da ya ga ɗan abin da yake samu a Northern Songs, har waƙar habaici ya yi wa kamfanin. Da wa'adin kwantiraginsa ya ƙare a 1968, bai sabunta ba, ya koma kamfaninsa na kansa, Harrisongs. Shekara ɗaya bayan nan ya rubuta "Here Comes the Sun". Yau ita ce waƙar Beatles da aka fi saurara a Spotify, ta haura sau biliyan ɗaya, kuma ba ta taɓa shiga cinikin Jackson ba.

Wani zai ce, malam, mu da ko kuɗin data ke gagarar mu, ina mu ina lauya? Mun ji, kuma ba mu raina wannan uzurin ba. Mai sabuwar murya ba shi da ƙarfin ciniki, kuma wanda ya biya kuɗin situdiyo shi ma yana da haƙƙinsa. Amma a bambanta tsakanin sayar da waƙa ɗungurungum da ba da izinin amfani da ita na shekara biyu ko uku. A rubuta sunan wanda ya yi baitin da wanda ya haɗa kiɗan. A san sunan wa ke kan asusun YouTube ko Audiomack da kuɗin ke shiga. Idan takardar da Turanci take, a kai wa wanda ya iya ya karanta, ba wanda ya kawo ta ba. Nijeriya na da sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023, sai dai doka ba za ta warware cinikin da ka amince da shi a saƙon murya na WhatsApp cikin zumuɗi ba.

Kuma kada ka ce ai waƙar tawa ta sati biyu ce. Babu wanda ya san wadda za ta daɗe. An harbe Lennon a New York a 1980, Harrison ya rasu a 2001, amma an yi amfani da fasahar ƙirƙirarriyar basira an tace muryar Lennon daga wani tsohon kaset, a Nuwamban 2023 aka fitar da "Now and Then". Ta hau matsayi na ɗaya a Birtaniya, ta kuma ci kyautar Grammy a 2025.

Shi kuwa McCartney, sai a Janairun 2017 ya shigar da ƙara a wata kotu a New York, yana dogaro da dokar Amurka da ta ba marubuci damar neman haƙƙinsa bayan shekara 56. An sasanta a wajen kotu cikin 'yan watanni, ba a bayyana sharuɗɗan ba. Lokacin da ya shigar da ƙarar yana da shekara 74.